Sunan Ɗiyar Fari

A shekarar da gulbin Yamai ya tsaya da gudu, har yaran Gamkalley ke tsallaka shi ba tare da sun naɗe wando ba, Mushe Shu'aibu, wato Malam Shu'aibu a bakin ƴan boko, ya gama zanen fim ɗinsa. Bai yi murna ba. Ya ajiye alƙalami, ya dubi yatsunsa da suka ƙage, ya ji kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya. Mutanen da ya zana suna tafiya, suna ɗaga hannu, suna buɗe baki, amma ba abin da ke fitowa. Saura murya.

Shu'aibu Bagobiri ne, haifaffen Tibiri kusa da Maraɗi, yana cikin yaran da aka kai lakwal, makarantar boko, da ƙarfi a zamanin Nasara. Can wani malami ya kama shi yana zana raƙumi da gawayi a bayan aji. Maimakon bulala, sai ya ba shi tsofaffin jaridun yara na ƙasar Faransa, masu hotuna jere-jere, kowane mutum da ƴar kumfa a bakinsa an rubuta maganarsa a ciki. Daga ranar nan yaron bai sake warkewa ba. Ya zo Yamai ya yi aikin zanen taswira, yana jan iyakokin garuruwan da bai taɓa takawa ba, har aka sami mulkin kai, wata jarida ta ba shi gindin shafinta na ƙarshe. Nan ya zauna fiye da shekara ashirin. Kowane mako ƴan hotuna a jere, maganganu da Faransanci, a ƙasa sa hannu irin na lakwal: Chaïbou.

Labarin wata yarinya ce mai kitso tsaye-tsaye da akuyarta mai taurin kai. Sunan yarinyar Aïchatou. Akwai lokacin da ma'aikata a biro ke fara karanta jarida daga baya saboda ita, don bakinta bai bar kowa ba, daga mai awon gyaɗa har mai babban kujera. Da soja suka karɓi mulki aka kira Shu'aibu cikin mutunci, aka ce kada ya ƙara zana hula mai baki, kada ya ƙara zana mai tumbi, don mutane za su tambaya tumbin wa. Aïchatou ta bar ba'a, ta koma koya wa jama'a tafasa ruwa da dashen itace. Ita ba ta tsufa ba, har yau shekarunta na ƙuruciya take ci. Mai zanenta ne ya yi furfura a madadinta.

Abu ɗaya ya hana zuciyarsa mutuwa. Ya taɓa yin lokacin sanyi guda a Paris, inda ya koyi yadda ake sa zane ya motsa: a zana mutum a kan leda mai haske, a ɗauki hoto, a sake zana shi hannunsa ya ɗan gusa, a sake ɗauka, haka har dubbai, sai ka ga matacciyar tawada ta tashi tana tafiya. Ya dawo da tari da kuma mafarkin ganin Aïchatou tana gudu. Shekaru ya yi yana bin mafarkin a wani ɗan ɗaki da ma'aikatar yaɗa labarai ta ba shi. Da aka rufe iyaka ledar zane ta yanke, ya kusa haƙura, sai ɗiyarsa ta fara kawo masa tsofaffin hotunan ƙirji da aka zubar a gidan likitan da take aikin jinya. Ta jiƙa su a ruwan jabel, maganin nan mai faranta tufafi, ta goge haƙarƙarin bayin Allah har ledar ta yi garau, ta shanya a igiya tare da wanki. A kan ƙirazan marasa lafiyar Yamai aka zana rabin fim ɗin nan.

Sunan ɗiyar Aishatu, kuma ita ce ta fari. Kowa ya san yadda abin yake: uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya san da shi. Ranar sunanta Shu'aibu barin gidan ya yi. Ƴan gida suna kiranta Indo, shi ko Indon bai taɓa faɗi ba, sai “ke”, in kuma da wani yake magana, “yarinyar nan”. Amma a makon da aka haife ta ya fara zana yarinyar labarinsa, ya rubuta sunan da haruffan Nasara. Ya rubuta shi sau dubbai tun daga nan. Bakinsa bai taɓa ɗanɗana shi ba.

Kapitan Moussa ne ya kira shi biro. Saurayi ne da bai wuce Shu'aibu ya haife shi ba, sojan da aka ɗora kan wayar da kan jama'a, idanunsa sun zurma kamar na kowa a wannan shekara. Ya kalli fim ɗin a jikin bango, ya yi dariya sau ɗaya inda akuya ta cinye igiyar guga, sannan ya kashe injin.

“Ya yi kyau, Mushe. Sai dai duk bebaye ne.”

“Saura murya, mon kapiten. Maganganun suna nan da Faransanci…”

“Da Hausa. Faransancin ka bar wa jarida. Kamiyoyin sinima, manyan motocin nan, za su tashi ƙarshen mako, su bi ƙauyuka har Damagaram. In ya shirya su tafi da shi, in bai shirya ba su tafi da jawabai kamar kullum.” Ya shafa fuska da hannu biyu. “Kuma ɗakin nan naka, an daɗe ana roƙona shi. Jar dawar taimako tana zube a rana. Ba ni da bakin da zan hana buhun hatsi ɗaki saboda zanen da ba ya magana. Ka gane ni?”

Ya gane shi. Abin da ya fi ciwo ke nan, ba inda zai ce yaron ya yi ƙarya.

Ɗakin ɗaukar murya ɗan ƙarami ne, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada sauti ya dawo. Mai ɗakin Jibo ne, Bazabarme daga Saga, sa'an Shu'aibu, mai sanƙo da kunnen da ke jin tafiyar kiyashi. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa kuwa akwai wasa tun kakanni, don haka tun da suka san juna ba su taɓa gaisawa da daɗin baki ba.

“Fofo, bawana,” in ji Jibo, da gaisuwar Zabarmanci. “Ka kawo ƴan tsanarka su yi mini kuka?”

“Na kawo wa bawan gidanmu aiki ne, kada zaman banza ya kashe shi.”

“Ina Bala? Ba shi ne uban ba?”

Bala ɗan wasan rediyo ne, shi aka shirya zai yi muryar uban yarinyar. Amma labari ya zo masa cewa shanun gidansu sun ƙare a Dakoro, ya tafi ya ga tsofaffinsa, bai dawo ba, ba kuma wanda ya ga laifinsa.

“Ni zan yi,” in ji Shu'aibu.

Jibo ya dube shi sama da ƙasa. “Allah ya jiƙan kunnuwan Damagaram.” Ya ɗago wani faifai na zaren ɗaukar murya, wanda suke kira bandi, ya hura shi, wani jan gari ya tashi. “Ka ga wannan? Shi kaɗai ya rage, kuma ya girmi ɗiyarka. Duk gogewa ɗaya sai ya zubar da garinsa, murya ta dusashe. Ba na son a yi ta maimaici. Ka yi tarinka tun yanzu.”

Aishatu ta iso da hantsi, da farar rigar aiki a ninke cikin jaka, idanunta jajur don rashin hutu. Ita za ta yi muryar yarinyar. Ta durƙusa ta gaida ubanta, ya amsa yana duban bango. Ta gaida Jibo, ya amsa yana dubanta da fara'a har kunne.

“Ɗiyata, ke ce yarinya, tsohon nan uba. To wa zai yi akuya?”

“Ai ba sai an nema da nisa ba, Tonton Jibo.”

“Kun ji ko! Jinin Gobir ba ya ɓuya.”

Aka rufe ƙofa, aka haska fim a bango, suka tsaya gaban mikoro, abin ɗaukar murya. Labarin gajere ne. Wani manomi da ɗiyarsa sun bar ƙauye bayan gero ya ƙone a tsaye, suna neman inda aka ce akwai rijiya da lambu. A hanya akuya ta kuɓuce, yarinyar ta bi ta cikin busasshen gulbi, ta ɓace wa ubanta. Ya neme ta har ya gaji, ya hau gaɓa ya kira ta. Daga nan sai haɗuwa, sai lambu, sai darasin noman rani da ma'aikata ta ce a liƙa a ƙarshe.

Aiki ya tafi lafiya fiye da yadda suka zata. Aishatu ta siranta murya ta zama ƴar yarinya, Jibo ya yi kukan akuya da gwanintar da ta sa Shu'aibu cewa ashe yau ya ji harshen Zabarmawa na asali. Muryar Shu'aibu kuwa, busasshiya mai ɗan tari a ƙarƙashi, ta zauna wa manomin kamar don shi aka yi ta. Har suka iso gaɓa.

A bango manomin ya kafa ƙafa, ya kai hannu biyu gefen baki, bakin ya wage, ya ɗan rufe, ya sake buɗewa, ya tattare kamar mai hura wuta. Shu'aibu ya san kowane motsi na wannan baki, shi ya zana shi, yana duban leɓɓansa a madubi suna motsi ba sauti. Ya ja numfashi.

“Ke!” ya ce.

Jibo ya tsayar da bandi. “Ke wa? Ke akuya?”

“Kuskure ne. Mu sake.”

Aka mayar da hoto baya. Manomin ya sake hawa gaɓa, ya sake wage baki. Wannan karon ba abin da ya fito ko kaɗan. Shu'aibu ya tsaya baki buɗe kamar zanensa, zufa tana bin wuyansa, sunan yana nan a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Aishatu ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta.

Jibo ya dubi uban, ya dubi ɗiyar, sai ya buga tafi. “Irkoy! Ya Allah, na manta. Ita ce ɗiyar fari! To ai ya dace, ɗiyar fari a shekarar fari.”

“Ba ɗaya ba ne, jahili. Ɗaya ana jansa, ɗaya ba a ja. Shekara nawa kana cin tuwon Hausawa, har yau kunnenka bai raba su ba.”

“Ni duk yunwa nake ji a cikinsu. To, mu sake mata suna mana. Ka ce Zeinabu, ka ce Kande.”

“Kande uwarta ce.”

“To ka ce Indo.”

“Dubi bakin,” in ji Shu'aibu a gajiye. “Dube shi da kyau. Ya buɗe, ya ja, ya buɗe, ya tattare. Indo ba ta shiga bakin nan. Zeinabu ma ba ta shiga. In na sake suna sai na sake zana bakin, ni kuwa ko leda ɗaya ba ta rage mini ba. Ban da haka, duk wanda ya taɓa riƙe jarida a ƙasar nan ya san sunanta.”

“Kawo in faɗa maka.” Jibo ya matso mikoro, ya kumbura ƙirji, ya ƙwala, “Aysatu!” da siririyar muryarsa ta Saga. Aishatu ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa.

“Sai a ce manomin ya haɗiye akuyar,” in ji Shu'aibu.

Can ya gyara tsayuwa, ya ɗaga haɓa irin yadda yake yi in zai yi magana a taron ma'aikata. Da Faransanci bai taɓa jin kunyar komai ba. A cikinsa ya yi gardama da manya, a cikinsa ya taɓa gaya wa wata likita ciwon da ba zai iya gaya wa ƙanensa ba. Harshe ne da ba kakarsa a ciki, ba gwaggo, ba wanda zai ɗaga ido ya dube shi. Ya yi wa Jibo alama. Da bakin ya wage a bango, ya rufe ido ya hango kalmar a rubuce cikin kumfarta, ya karanta ta:

“Aïchatou.”

Ta fito sumul, ta hanci, da nauyinta a ƙarshe, kamar malami na kiran suna a aji. Shi kansa ya yi mamakin sauƙinta.

Jibo ya cire abin kunnen da yake sauraren sauti da shi ya ajiye. “Wannan manomin a Paris ya yi noma? Mutum ɗiyarsa ta ɓata, yana kiranta kamar kwamanda na neman mai laifin haraji. Ba da bandina ba.”

“Ai sunan ne.”

“Ba shi ba ne, Baba,” in ji Aishatu a hankali, ba ta ɗago ba. “Wannan ta jarida ce.”

Kafin wani ya ƙara magana, fanka ta yi ƙara ta tsaya, hoton bango ya mutu. An ɗauke wuta. Jibo ya ɗaga hannu sama. “Kala suuru,” ya ce, sai haƙuri, ya buɗe ƙofa ya tafi neman mai shayi.

Uba da ɗiya suka fito tsakar ma'aikata, suka zauna ƙarƙashin wani dogon yaro da rabin ganyensa ya zube, shi a kan benci, ita a kan tushen itacen, nesa kaɗan, kowa na duban gabansa. Rana ta take. Sama fari fat, ba ko gizagizai na ƙarya. A bakin ƙofa wasu mata baƙi daga arewa suna zaune da ƙore a gabansu, sun gaji har da roƙon.

Aishatu ce ta fara magana, kamar da itacen take yi.

“Ran nan a sansanin bayan gari, inda muke awon yara, wata mata daga wajen Tawa ta ɓatar da ɗanta na fari wurin rabon hatsi. Tana ta bin mutane, kun ga wani yaro, kun ga wani yaro mai shuɗiyar riga. Yara masu shuɗiyar riga kuwa sun fi a ƙirga. Sojan da ke riƙe da lasifika ya ce ta faɗi sunansa ya yi shela. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, sunan Annabin da aka haifa ba uba. Sojan yaro ne, ga hayaniya, ga rana, bai gane ba, ya ce ta matsa. Ta yi ta yawo har la'asar. Daga baya na gan ta ta hau kan tanon ruwa, babbar gangar nan, tsohon zanenta yana faɗuwa, ta ƙwala, Isa! Ban taɓa jin murya irin wannan ba, Baba. Duk sansanin ya yi tsit.”

“An same shi?”

“Daga ƙarƙashin kamiyo ya fito, barci ya yi. Ta sauko ta zauna ta rufe fuska, ta ƙi dubansa. Amma ta riƙe ƙafarsa, har muka tashi ba ta sake ta ba.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Shu'aibu.

“Ni ban ɓata ba,” ta ce, “kuma ba roƙon komai nake ba. Tun ina lakwal na san inda sunana yake, ƴan ajinmu ke kawo mini shi kowane mako. Amma mutumin can na bango, tasa ɗiyar ta ɓata. Kai ka zana shi yana ihu.”

“Hannuna ya zana shi. Hannu ba ruwansa.” Ya share wuya da hankici. “Har Tibiri za a kai abin nan. Gwaggwanninki za su shimfiɗa tabarma su zauna, su ji muryata tana… Za su ce Nasara ya gama da ni.”

“Ai sun daɗe da faɗi.”

Ya yi ƴar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Sannan kafaɗunsa suka sauka, ya zama tsoho sosai a kan bencin nan.

“Na gaji, ke. Wallahi na gaji. Shekara da shekaru ina sa mutanen takarda magana, ga mutanen gaske can bakin ƙofa ba su da ƙarfin buɗe baki. Wa zai ƙoshi da zane? Wataƙila yaron nan kapitan ya fi ni gaskiya. A zuba dawar. Aƙalla ita ana cinta.”

“To, a zuba,” in ji Aishatu. Ba ta yi gardama ba. Ta buɗe tafin hannuwanta a kan gwiwa tana dubawa, shi ma, da yake ba ta kallonsa, ya saci duba. Fatar yatsun ta saɓule, ta yi fari-fari, gefen farce ya tsattsage. Ba aikin jinya ya yi wannan ba. Ruwan jabel ne, wata da watanni, bayan ta dawo daga tsayuwar yini, a bayan ɗakin girki, ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya taɓa ce mata sannu, don wanda ya kamata ya ce ba ya iya dubanta ya yi magana mai taushi. Ya kawar da kai ya dubi katanga.

Daga cikin ɗaki fanka ta yi tari ta kama juyi. Jibo ya leƙo da kofin shayi a hannu. “Gobirawa! Wuta ta dawo, kuma ba ta yi mini alkawarin zama ba.”

Shu'aibu ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. “Ke, tsaya nan waje,” ya ce. “Sai an kira ki.”

Ya shiga, aka rufe ƙofa. Jibo ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarsa, ya mayar da ita ciki. Ya sa abin kunne, ya kunna. Manomin ya hau gaɓa. Ƙarƙashinsa busasshen gulbi ya miƙe har ƙarshen duniya, yashi da tsagaggen laka, ba kowa, ba komai. Shu'aibu bai rufe ido ba wannan karon, bai nemi kumfa ba. Ya dubi wannan fili da ya zana da hannunsa, ya ga yadda zai kasance in da gaske ba ta cikinsa. Bakin ya wage.

“A'ishatu,” ya ce.

Ba ihu ba ne. Da ƙyar ya fi numfashi. Ya fito a karye, da ɗan tsayawar nan ta tsakiya da Bahaushe ke yi, ƙarshensa yana rawa, kamar abin da aka daɗe da binnewa aka tono shi da sauran ƙasa a jiki. Manomin bango yana tsage maƙogwaro, muryar da ke fita daga gare shi kuwa ta mutumin da ke tsoron kada a ji shi ce.

Jibo ya tsayar. Ya dubi allurar injin, ya dubi abokinsa. “Allura ko motsi ba ta yi ba. Bakin yana ihu, kai kana raɗa.”

“Na sani.”

“In na ƙara masa ƙarfi, shuu ɗin bandi zai taso tare da shi.” Ya shafa zaren da yatsa, ya duba jan garin da ya manne masa. “In kuma na goge muka sake, ban ce wani abu zai saura a wurin nan ba.”

“Kada ka goge. Ba ni da wani kiran.” Shu'aibu ya zauna a kan kujera kamar an tsinke masa igiya. “Kira ta. Saura amsarta.”

Aishatu ta shigo. Jibo ya ɗora mata abin kunne don ta ji inda za ta shiga, ya ce, “Da kin ji kira, yarinyar za ta ɗago kai daga bayan dutse, sai ki amsa. Da ƙaramar muryar nan, kada ki manta.” Shu'aibu ya juya kujerarsa ya fuskanci kwalayen ƙwai.

Bandi ya juya. Ba wanda ya ji abin da ta ji, a cikin kunnuwanta kaɗai ya faɗa. Jibo dai ya ga hannunta ya tashi ya dafe ƙirji. A bango yarinyar ta ɗago kai, ta buɗe baki, ta rufe. Shiru. Jibo ya ɗaga yatsa yana mata alama, ba ta gan shi ba. Sai da yarinyar ta riga ta miƙe tana gudu, sannan amsar ta zo, ba da siririyar muryar wasa ba, da cikakkiyar muryar mace mai aiki, wadda ta yini a tsaye:

“Na'am, Baba.”

Jibo ya bar zaren ya ɗan wuce, ya kashe. Ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce garin bandin nan zai kashe shi wata rana.

“Kun ɓata mini aiki, Gobirawa. Uba na raɗa, ɗiya ta makara, ta kuma tsufa a tsakanin dutse da gaɓa. Shekara talatin ina wannan sana'a ban taɓa fitar da abin kunya irin wannan ba.”

“A sake?” in ji Aishatu, tana goge ido da bakin mayafi.

“A sake da me? Da rawanin ubanki? Ku matsa mu yi lambun, kafin wuta ta tuna da mu.”

Suka ƙarasa darasin noman rani da muryoyin da ba su da sauran ƙarfi.

Kapitan Moussa ya kalla ana gobe tafiya, tsaye, da makullin mota a hannu. Da aka zo gaɓa ya ɗaure fuska, ya matso kusa da lasifika.

“Me ya sami sautin a nan?”

“Bandi ne ya tsufa, mon kapiten,” in ji Jibo, idonsa ƙur a kan bango.

Kapitan ya sa aka mayar baya, ya sake saurare. Ya juyo ya dubi Shu'aibu, Shu'aibu yana duban takalmansa. Ya daɗe yana dubansa. Shi ma ɗan wani ne, daga wani gida a Damagaram.

“A sa shi a kamiyon farko,” ya ce. “Dawar kuma a nema mata wani wuri.”

Shu'aibu bai je ganin tashin kamiyoyin ba. Ya koma gida da la'asar, ya zauna a tabarma ƙofar ɗaki, ya miƙe ƙafafu. Matarsa Kande tana tsince shinkafa a faifai.

“Malam, an ce za a nuna abin naka a filin Gamkalley in sun dawo. Matan unguwa sun ce in yi musu jagora.”

“Ba wani abin kallo ba ne,” ya ce. “Zanen yara ne. Ga sauti duk ya lalace.”

“Zan kai ki, Inna,” in ji Aishatu daga ɗakin girki. “Mu je da wuri, mu zauna kusa da lasifika.”

Shu'aibu ya jawo buta, ya girgiza ta ya ji da sauran ruwa, ya tashi a hankali ya nufi bayan gida.